Ruwan burtsatsenmu yana da zartsi, Inna ta koma wa tsohuwar rijiya: wanne ya fi aminci?

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin ruwa a wannan zaure. Wata huɗu ke nan da muka haƙa rijiyar burtsatse a gidanmu da ke Mabera, bayan mun gaji da zaman jiran famfo da sayen ruwa kullum a hannun 'yan garuwa. Ruwan yana fitowa garau, babu laka babu wari, amma yana da zartsi mai tsayawa a maƙogwaro, sabulu ba ya kumfa da shi yadda ya kamata, kuma butar da muke dafa shayi ta yi farin ɓawo a gindinta cikin 'yan makonni. Innarmu ta kurɓa sau biyu, ta ajiye moɗar, ta ce wanga ruwa na wanki ne, ba na sha ba. Tun daga ranar take aiken jikokinta su ɗebo mata daga tsohuwar rijiyar maƙwabtanmu, wadda bakinta a buɗe yake, kuma tsakaninta da salgar gidan bai fi taku goma sha biyar ba. Ba zan ɓoye ba, ruwan wannan rijiya ya fi namu daɗi nesa ba kusa ba, musamman idan ya kwana a randa. Shin daɗin ruwa a baki shaida ce ta lafiyarsa? Kuma wanne ya kamata in bar yarana su sha, ganin cewa a cikinsu akwai jaririya 'yar wata uku?

Hajiya_Ƙofar_Marke:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bar Inna da ruwanta. Mu da ruwan rijiya muka tashi a cikin gari, iyayenmu da kakanninmu shi suka sha har suka koma ga Allah da tsufansu. Harshen tsoho ba ya ƙarya game da ruwa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Idan ka ji bakinka ya ƙi abu, to jikinka ne yake yi maka gargaɗi. Ni har yau ina da firij a ɗaki, amma ban san na sha ruwa ba sai na sha na randa wanda aka jefa wa saiwar jema a ciki.

Injiniya_Rima:
Malam Ɗan Mabera, abin da ka siffanta sananne ne ga duk wanda ya yi aikin haƙar rijiya a ƙasar Sakkwato, kuma asalinsa yana ƙarƙashin ƙafafunmu. A wannan yanki akwai shimfiɗar dutsen farar ƙasa, wadda masana ilimin ƙasa ma suka raɗa mata sunan Kalambaina, kuma saboda ita ce aka kafa masana'antar siminti a can. Ruwan da ya daɗe yana kwance a jikin irin wannan dutse yakan narkar da sinadaran kalsiyam da magniziyam ya taho da su. Su ne suke hana sabulu kumfa, kuma su ne farin ɓawon da ka gani a butarka, domin zafin wuta yana sa su rabu da ruwan su manne a jikin ƙarfe. Akwai kuma farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira jibsam, wanda ake tonowa a wajajen Dange da Wurno, shi kuma idan ruwa ya ratsa ta cikinsa yakan ɗauko ɗaci-ɗaci, har ya sa baƙon da bai saba da shi ba ya yi ta zagayawa a kwanakin farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da narkakkun ma'adinansa ba su kai miligiram 600 a lita ɗaya ba, galibi yana da daɗin sha, idan kuwa suka haura 1,000 sai mutane su fara ƙyamarsa. Amma a lura, wannan magana ce ta ɗanɗano. Hukumar ba ta sanya wa nauyin ruwa irin na farar ƙasa wata iyaka ta fuskar lafiya ba. Ruwan maƙwabtanka kuwa mai yiwuwa yana da daɗi ne saboda rijiyar ba ta da zurfi, ruwan damina ne da bai daɗe da nutsewa ba, bai sami lokacin kwasar ma'adinai ba. To rashin zurfin nan da ya ba shi daɗi, shi ne kuma ya kusantar da shi ga salga.

Abu_Sumayya:
Injiniya, ina girmama iliminka, amma ban yarda cewa ruwan zartsi ba ya cutarwa ba. Idan zai iya yin ɓawo a gindin buta, me zai hana ya yi a cikin ƙodar mutum? Yayana ya yi shekara shida yana shan irin wannan ruwa a gidan haya, daga ƙarshe sai da aka ciro masa tsakuwa daga ƙoda, kuma duk dangi mun tafi a kan cewa ruwan ne sanadi.

Nas_Asabe:
Allah ya ƙara wa yayanka lafiya, Abu Sumayya. Sai dai ƙiyasin buta da ƙoda bai tsaya da ƙafafunsa ba, domin ɓawon buta tafasa ce take haifar da shi, cikin ɗan Adam kuwa ba ya tafasa ruwa. Abin da likitoci suka fi tabbatarwa game da tsakuwar ƙoda shi ne ƙarancin shan ruwa, musamman a gari irin namu inda zafi yake haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, mutum ya yini yana zufa, fitsarinsa ya yi kauri ya yi ja. Don haka idan zartsi yana da laifi a nan, babban laifinsa shi ne yana sa mutum ya rage sha saboda ba ya jin daɗinsa.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayar Ɗan Mabera shi ne taku goma sha biyar ɗin nan da kuma jaririyar. Ƙa'idar da ma'aikatan tsaftar muhalli suke koyarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da salga. Ƙwayoyin da suke kawo amai da gudawa da zazzaɓin taifot ba su da ɗanɗano, ba su da launi, ba su da wari. Duk wanda ya yi aikin jinya a daminar 2021, lokacin da kwalara ta bazu a jihohin Arewa har da tamu, ya ga mutanen da suka rantse cewa ruwan gidansu garau yake. Bayan ƙwayoyin cuta akwai sinadarin naitiret, wanda yake tsiyayowa daga masai da takin zamani ya shiga rijiyoyi marasa zurfi. Iyakarsa miligiram 50 ce a lita, kuma jarirai ƙanana ya fi yi wa illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓɓansu su yi shuɗi. Tafasawa ba ta kawar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi saboda ruwan ya ragu. Jaririya 'yar wata uku ba ta bukatar ruwa ko kaɗan, nonon uwa ya ishe ta har wata shida ko da a tsakiyar bazara ne, kuma ina roƙon ka lallashi Inna a kan wannan kafin komai.

Hajiya_Ƙofar_Marke:
'Yata Asabe, na ji bayaninki, amma ki gaya mini yadda aka yi mu ba mu mutu ba.

Nas_Asabe:
Hajiya, Allah ya ƙara miki nisan kwana. Da ke da sauran iyayenmu da kuke raye, ku ne waɗanda Allah ya tsallakar, amma idan kika ƙirga ƙannenki da 'ya'yan maƙwabta da suka rasu suna goye, za ki tuna cewa gudawa ta ɗebi yara masu yawa a wancan zamani, ana cewa haƙori ne ko shawara. Kurkunu ma daga ruwan tafki ake ɗaukarsa, kuma sai a 2013 aka tabbatar wa Najeriya cewa ta rabu da shi. Sannan garin ma ya canza. Rijiyar da a da take tsakiyar fili, yau gidaje huɗu ne suka kewaye ta, kowanne da raminsa na masai.

Almajirin_Zaure:
Ina so in ƙara wani abu ta fuskar fiƙihu, domin na lura mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu da malamai suka raba. A littattafan farko da muke karantawa a zaure, irin su Ahalari, an bayyana cewa ruwan da ake tsarki da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita da wani abin da yake baƙo gare shi ba, kamar mai ko sabulu ko najasa. Amma idan ƙasar da yake kwance a kanta ce ta canza shi, kamar laka ko gishirin wurin, babu laifi. A bisa wannan, ruwan burtsatsen Ɗan Mabera mai tsarki ne mai tsarkakewa, alwala da wanka sun inganta da shi duk da zartsinsa. Sai dai hukuncin tsarki daban, hukuncin lafiyar ciki daban. Ruwa zai iya cika sharuɗɗan alwala tsaf, amma likita ya hana ka shansa, kuma babu saɓani tsakanin maganganun biyu. Kada kuma mu manta cewa ya tabbata a hadisi an umarce mu da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka, an kuma hana yin numfashi a cikin abin sha. Rijiya mai buɗaɗɗen baki ta fi kowace ƙwarya bukatar murfi.

Baban_Arkilla:
Duk wannan wahala da ruwan famfo yana zuwa kullum da ba a yi ta ba. Ruwan da ake tacewa a raba wa gari, mafi yawansa daga gulbin Rima ne, wanda madatsar Goronyo take riƙewa tana saki a hankali, kuma shi ruwan gulbi ba shi da zartsin nan da ake kuka da shi. Ni a wurina babu ruwan da ya kai shi daɗin shayi. Matsalarsa biyu ce a unguwarmu. Da damina yakan zo da ja-ja, sai an bar shi ya kwanta, sannan wani lokaci yakan zo da warin magani har yara su ƙi sha. Kowa kuma yana tuna shekarar 2010 da dam ɗin ya kusa ƙafewa, gari ya shiga ƙishirwa, 'yan garuwa suka zama sarakuna.

Sani_Kwalkwalawa:
Baban Arkilla, ka haɗa shekaru biyu. A watan Satumba na 2010 ambaliya aka yi, ruwa ya yi yawa har ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mu da muke wannan ɓangare sai da kwalekwale muke shiga gari. Ja da bayan ruwan Goronyo da kake nufi a 2018 ne, kafin saukar damina. Madatsar da aka gina don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942 ta koma ɗan kaɗan a wannan shekara, kuma daga lokacin ne na ga mutane da dama sun ƙudura niyyar haƙa burtsatse ko da bashi ne.

Baban_Arkilla:
Gaskiyarka, Malam Sani, 2018 nake nufi. Na gode da gyara.

Injiniya_Rima:
Game da warin maganin da Baban Arkilla ya ambata, wannan kulorin ne, kuma ni idan na ji shi kaɗan a ruwan famfo hankalina kwanciya yake yi, domin alama ce cewa akwai sauran abin da zai kashe ƙwayar cuta a hanya. Ana so a sami tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita a bakin famfon gida. Wanda warin ya dame shi ya zuba ruwan a mazubi mai tsabta, ya rufe da ƙyalle mai kyau na 'yan sa'o'i, zai tarar ya ragu. Haɗarin famfo yana wani wurin dabam. Bututun da ruwa yake zuwa yana ɗaukewa, a duk lokacin da ya zama fanko yakan zuƙo abin da yake kewaye da shi ta wuraren da ya tsage, kuma kowa ya san yadda bututun gidaje suke bi ta cikin kwata a tsofaffin unguwanni. Shi ya sa ruwan farko da yake fitowa bayan an kwana biyu babu, bai kamata ya shiga randa ba. A tara shi don shara da ban ruwan shuka, a jira ya washe.

Tsohon_Mai_Kura:
Na ga an ambaci 'yan garuwa sau biyu, to bari in yi magana a matsayina na wanda ya tura kura shekara bakwai tsakanin Gidan Igwai da Runjin Sambo kafin Allah ya buɗa mini wata sana'a. Mu mun fi kowa sanin ɗanɗanon ruwan garin nan, domin mun san burtsatsen da matan gida suke cewa a kawo musu don sha, da wanda suke cewa na wanki ne kawai, kuma sau da yawa tsakanin biyun bai wuce tafiyar minti biyar ba. Saboda haka Ɗan Mabera ya bincika maƙwabtansa masu burtsatse, zai iya samun wanda nasa ba shi da zartsi a layi na biyu ko na uku.

Amma zan faɗi gaskiya a kan sana'armu. Jarkunan da muke amfani da su, masu cin lita 25, yawancinsu na man girki ne aka wanke, kuma bakinsu ƙarami ne, hannu ba ya shiga. Idan ka haska fitila a cikin wadda ta shekara tana aiki za ka ga gansakuka kore shar a jikinta. Masu tsoron Allah a cikinmu sukan zuba tsakuwa da omo su girgiza duk mako, wasu kuwa sai jarka ta fashe ba ta ga wanki ba. Ruwan zai iya fitowa lafiya daga tanki, ya lalace a kan hanya. Duk wanda yake saye, ya leƙa cikin jarkar kafin a juye masa, wannan haƙƙinsa ne.

Ummu_Hanifa:
Maganar Tsohon Mai Kura ta taɓo inda nake so in je. Muna ta gardama a kan rijiya da burtsatse da famfo, alhali a gidaje da yawa rijiya ce take bayarwa guga ya hana. Na taɓa zama da yara shida a gida ɗaya, na kuma zuba ido na ga yadda ake yi da randa. Yaro zai dawo daga wasa ko daga bayan gida, ya ɗauki moɗar da take yashe a ƙasa, ya zurma ta har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar ciki. Ko ruwan Zamzam aka zuba a wannan randa da safe, kafin la'asar ya tashi daga yadda aka kawo shi. Abin da na yi shi ne na sa aka yi mini randa mai ƙaramin baki, aka huda gindinta aka sa kan famfo, na ɗora ta a kan kujerar ƙarfe, murfinta kuma ba mai buɗewa sai ni. Sanyin randa yana nan, ƙamshin ƙasar da Hajiya take so yana nan, amma hannu ba ya shiga. Kowane kwana biyu nake juye ta in wanke, domin wannan santsin da yake taruwa a cikin randa ba albarka ba ce kamar yadda wasu suke ɗauka.

Hajiya_Ƙofar_Marke:
Wannan dabara ta Ummu Hanifa ta yi mini. A zamaninmu ma moɗar ɗiba daban take da moɗar sha, kuma yaro bai isa ya taɓa randar uwar gida ba. Sakaci ne na yanzu ya haɗe su.

Bello_Minanata:
Ni na daɗe da hutar da kaina. Fiya wata muke sha a gidana, jaka biyu a rana, ruwan burtsatse kuma na girki da wanka. Ruwan leda an tace shi, yana da lambar NAFDAC, ba shi da zartsi. Ɗan Mabera ya saya wa Inna da yara, gardama ta ƙare.

Malama_Gwiwa:
Malam Bello, gardama ba ta ƙare ba, wani sabon babi ka buɗe. Da farko, jaka ɗaya leda 20 ce, kowace rabin lita, wato lita 10 ke nan. Gidan da yake da mutum goma sha biyu a watan Afrilu, ka lissafa jaka nawa zai sha, ka kuma lissafa kuɗin a wata. Na biyu, yawancin masu yin ruwan leda daga burtsatse suke jan ruwansu, irin dai wanda muke magana a kansa, bambancin yana ga injin tacewa da kuma ko ana canza matatarsa a kan lokaci. Lambar da take jikin leda tana nuna an yi rajista, ba ta nuna abin da ya faru a masana'antar jiya da dare ba, kuma akwai masu buga lambar ƙarya. Na taɓa sayen wata jaka da na ɗaga leda ɗaya a rana na ga wasu zare-zare suna yawo a ciki. Na uku, ku dubi yadda ake jibge jakunkuna a bakin shaguna cikin ranar Sakkwato tun safe har yamma, shi ya sa wani lokaci kana sha kana jin ɗanɗanon roba. Sannan da haƙori muke huda ledar da ta bi hannun mai lodi da mai talla. Ban ce a daina sha ba, ni ma ina sha idan na fita, amma a zaɓi kamfanin da aka san inda yake.

Ɗan_Wurno:
Har yanzu ba wanda ya ambaci ruwan sama, alhali shi ne ya fi kowane ruwa sauƙi a baki da kumfar sabulu. A gidanmu daga Yuli zuwa Satumba ba ma shan wani ruwa sai shi. Sharaɗinsa dai kada a tari na farkon damina, kuma ko a tsakiyarta a bar ruwan farko ya wanke kwano, domin ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangare duk suna kan rufi. Wasu suna cewa lami ne, ba shi da gardi, kuma gaskiya ne, tunda babu ma'adinai a cikinsa. Ina ganin Ɗan Mabera zai iya gauraya shi da na burtsatsensa, zartsin ya ragu. Idan kuma ruwa ya zo da laka, kamar na famfon Baban Arkilla, mu 'ya'yan zogale muke ɓarewa mu daka, kimanin ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a dama a zuba a juya, cikin sa'a ɗaya ko biyu dattin ya kwanta. Ya fi alif daɗi a baki.

Nas_Asabe:
Zogale da alif duka suna kwantar da laka, kuma suna rage ƙwayoyin cuta tare da ita, amma ba sa gamawa da su. Bayan ruwan ya kwanta a tsiyaye na sama, sannan a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa maganin ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsu, a jira minti 30. Wanda itace ko gas ya yi masa tsada, mu da Allah ya hore mana rana, ya cika gorar roba fara mai haske da ruwan da ya riga ya washe, ya kwantar da ita a kan kwano ta yi sa'a shida cikin rana mai ƙarfi. Ruwan da aka gyara da zogale kuma a shanye shi a ranar, kada ya kwana biyu.

Kabiru_Dambuwa:
Injiniya, ina da tambaya mai kama da ta Ɗan Mabera. Namu burtsatsen ba shi da zartsi sosai, amma ruwan yana fitowa fari, idan ya yi sa'a biyu a bokiti sai ya koma ruwan ɗorawa, yana ƙarnin ƙarfe, kuma ya ɓata mana fararen kaya da tayil ɗin banɗaki. Wani mai sayar da injin tace ruwa ya zo da ɗan abin awo kamar alƙalami, ya tsoma, ya nuna mini lamba, ya ce ruwan guba ne sai na sayi injinsa.

Injiniya_Rima:
Malam Kabiru, naka ƙarfe ne narkakke, kuma ana yawan samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa na wannan yanki. A can ƙasa babu iska, shi ya sa yake fitowa fari, da ya haɗu da iska sai ya yi tsatsa kamar yadda ƙusa take yi. Daga miligiram 0.3 a lita yake fara ɓata tufafi da ɗanɗano, amma a irin yawan da aka saba gani ya fi zama abin haushi fiye da abin tsoro. Maganinsa bai kai kuɗin inji ba. Ka sa ruwan ya riƙa zuba a tankin farko ta kan wani abu mai huda-huda don ya sha iska, ya kwana ya kwanta, sannan ya bi ta durom mai yashi da tsakuwa zuwa tanki na biyu.

Shi kuwa alƙalamin nan, jimillar narkakkun ma'adinai kawai yake aunawa. Ba ya ganin ƙwayar cuta ko ɗaya, kuma ba ya bambanta kalsiyam da guba. Idan ka tsoma shi a rijiyar maƙwabtan Ɗan Mabera zai iya ba ka lamba mai kyau ƙwarai. Awon gaskiya a ɗakin gwaje-gwaje ake yi, kamar na jami'a, inda za su ba ka kwalba wadda aka kashe ƙwayoyin cikinta, ka ɗebo, ka sa a ƙanƙara, ka kai cikin sa'a shida. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da ta duniya sun haɗu a kan cewa kada a sami ƙwayar E. coli, wadda take nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100. Kuma burtsatse ma ba a yanke masa hukuncin tsabta don sunansa burtsatse, domin idan masu haƙa ba su toshe gefen bututun da siminti daga sama ba, ruwan kwata zai bi jikinsa ya gangara.

Ɗan_Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare na karanta wa Inna bayanan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta yarda da maganar jaririya ba tare da gardama ba, ta kuma ce a nemo mata mai ginin tukwane ya yi mata irin randar Ummu Hanifa. Amma game da rijiya ta ce ita ba za ta sha ruwan da yake kashe ɗanɗanon fura ba, kuma shekara talatin tana shan na maƙwabta bai taɓa kayar da ita ba. Abin da muka tsayar a yanzu shi ne za a riƙa tafasa mata na rijiyar a juye a randa, yara kuma su sha na burtsatse, ni kuma zan kai samfurin duka biyun a auna a mako mai zuwa. Maƙwabcina ya amince mu haɗa kuɗi a ɗaga bakin rijiyar a yi mata murfi da guga guda na dindindin.

Abu_Sumayya:
Idan sakamakon ya fito ka sanya mana lambobin a nan, musamman na burtsatsen. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta da farin ɓawon nan ba, kuma ina so in ga ko nawa ne a lita kafin in bar 'ya'yana su sha irinsa.

Hajiya_Ƙofar_Marke:
Ɗana, ka gaya wa Inna tafasasshen ruwa yakan yi lami, amma idan aka sheƙa shi tsakanin ƙwarya biyu sau da yawa kafin a zuba a randa, daɗinsa yana dawowa. Saiwar jema kuma a wanke ta sosai a jefa tun ruwan yana kan wuta. Akwai masu sayar da ita a tsohuwar kasuwa, wajen 'yan kayan ƙamshi.